Rasuwar Tsoho, Keken Ɗinkin Mama, a But ɗin Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta rasa inda za ta ɓuya, wani magidanci yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar keken ɗinkin surukarsa, baƙin keken hannun nan da kowa a gidan ke kira Tsoho. Marigayin ya cika a cikin but ɗin motar magidancin, bayan doguwar jinya a cikin ruwa. Ba a san ranar da rai ya yi halinsa ba, domin wanda ya kamata ya duba bai duba ba.

Tsoho ya girmi duk 'ya'yan gidan. Shi ya ɗinka rigar da matar magidancin ta fara zuwa makaranta da ita, shi ya ɗinka labulen ɗakinta na aure, shi ya riƙa sake kalmasa ƙafar wandunan jikoki duk lokacin da ƙafafunsu suka ƙara tsawo. Bai taɓa neman lantarki ba, bai san mai ba in ban da ɗigo biyu-uku a gaɓoɓinsa. Wanda ya taɓa kwana a gidan Mama ba zai manta muryarsa ba. Da an gama shara sai a ji shi daga tsakar gida, cakar-cakar-cakar, ya ɗan yi shiru Mama ta juya ƙyalle, ya sake ɗauka. In zare ya tsinke sai ya ce ƙas, sau ɗaya tak, ba ya ƙara magana sai an zura masa wani.

Ya rasu ya bar almakashi guda, wanda tun tafiyarsa bai ƙara yanka komai ba, da tef ɗin awo da lambobinsa suka goge, da gwangwanin madara cike da kwarkwaro da maɓallai marasa 'yan uwa. Ya bar teburi mai shatin gindinsa a tsakiya. Ya kuma bar Mama, wadda idonta ya fara rauni, wadda ta ce da keke tana iya bin layi ko da laluben yatsa, amma allurar hannu ta fi ƙarfinta.

Ciwon farko ba na mutuwa ba ne. Dab da faɗuwar damina Tsoho ya fara tsallake ɗinki, ya yi uku ya bar ɗaya. Mama ta ce wa 'yarta ta nemo mai ɗauka ya kai shi wurin gyara. Magidancin yana daga bakin ƙofa a durƙushe yana gaisuwa, ba wanda ya tambaye shi, sai ya tsoma baki.

"Haba Mama, ina raye za a nemi wani? Ai ga mota. Gobe war haka ya dawo."

Mama ta sa masa albarka, ta kwance wani tsohon zanenta ta naɗe Tsoho da hannunta. Da ya buɗe but sai ya ga ramin safaya babu kowa, domin tayar tana wurin mai faci. Ya saka Tsoho a ramin don kada ya yi ta gara a hanya, ya mayar da katakon da ke rufe ramin, ya shimfiɗa kafet a kai, har yana yaba wa kansa dabara.

Goben ta zo da aiki, jibi ta zo da baƙi. Daga nan kwanaki suka yi ta tafiya, kunyar jinkiri ta haifi ƙarya, ƙaryar kuma ta yi ta haihuwa. Duk sanda Mama ta tambaya ta bakin 'yarta, amsa ɗaya ce: yana wurin mai gyara, ana jiran wani ƙarfe. Matarsa ta yarda, ta kai saƙon yadda aka ba ta, har tana mita a kan masu gyaran zamani marasa alkawari. Shi kuwa sai ya gyaɗa kai ya ce ai sai haƙuri da su.

Alamun ajali sun bayyana a fili, ba za a ce ba a gani ba. Motar ta fara warin rigar da aka manta a bokiti. Gilashin baya ya riƙa yin gumi da safe. In an sha kwana sai a ji wani abu daga baya yana cewa cakal, cakal. Magidancin ya ɗora laifin a kan mai wankin mota, ya yi masa tas, ya sauya wani. Ya zargi yaran gidansa da zubar da ruwan gora. Ya sayo turaren mota ya rataya. Da kafet ya fara jiƙewa sai ya sa aka sauya robar murfin but gaba ɗaya, ya dawo gida yana cewa an gama, ruwan sama na gaba ya ƙaryata shi. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, shi ne ɗaga katakon nan. Ba mantuwa ya yi ba. Ya san wanda ke kwance a ƙarƙashi, kuma ba ya son su haɗa ido. Ya dai kwantar wa kansa da hankali cewa ramin a bushe yake, tunda shi da kansa ya taɓa gyara shi.

Matarsa ce ta gaji da wari. Wata ranar hutu da hantsi ta miƙa masa tocila, ta jawo tiyo.

"Baban yara, shiga ciki in rufe ka. Zan riƙa zuba ruwa wuri-wuri. In ka ga inda yake shiga, ka buga."

Haka babban mutum mai furfura a gemu ya naɗe ƙafafu ya kwanta a but, aka rufe shi. Ta zuba a gilashi, shiru. Ta bi gefen murfi, shiru. Ta koma danjar dama, wato fitilar baya, nan ma shiru. Tana kai tiyon kan danjar hagu sai ya ga wani siririn ruwa ya ɓullo ta bayan fitilar, inda robarta ta tsage, ya gangaro ta bango a hankali, ya shige ƙarƙashin kafet kamar mai zuwa gidansu. Ya daɗe yana haska wurin kafin ya iya bugawa.

Da aka buɗe shi ya fito, babu sauran hanyar gudu. Ya ɗaga katakon a gabanta. Ramin cike yake da jan ruwa har baki, abu naɗe a tsakiya. Matarsa ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan ba zanen Mama ba ne?"

Ta kashe famfo ta shige gida.

A nan ne bincike ya kai ga abin da ya fi komai ciwo. Ashe danjar ta daɗe tana yoyo, amma ruwan ba ya kwana, domin masu ƙera motar sun bar wata 'yar huda a ƙasan ramin safaya inda yake ficewa. Magidancin ne, lokacin da motar ke sabuwa a hannunsa, ya ga hudar ya ce ƙofar ɓera ce. Ya yanko gwangwani ya liƙe ta da gam, ya kira maƙwabci ya nuna masa aikin. Yanzu da ya sa sukudireba ya ɓamɓare liƙin, ruwan ya tsiyaye ƙasa nan take. Robar danjar kuwa kafin la'asar an sa sabuwa. But ɗin yanzu a bushe yake ƙarau, ba ya da amfanin da zai yi wa kowa.

An garzaya da Tsoho wurin mai gyara, karo na farko. Mutumin ya kama hannun keken ya gwada juyawa, ya leƙa cikinsa inda tsatsa ta haɗe komai wuri guda, sai ya ja zanen ya rufe shi.

Magidancin ya je gidan Mama ya durƙusa a inda ya saba, ya faɗi komai kansa a ƙasa. Ya so ta yi faɗa, ba ta yi ba.

"Ashe yana kusa," in ji ta. "Duk zuwan da kake kai ni asibitin ido, muna tare da shi a motar ke nan? Na riƙa jin motsin ruwa a bayana, ka ce min jarka ce."

Sannan ta sa 'yarta ta ɗauko wani ƙunshi. Riga ce, tasa, wadda take cikin ɗinka masa lokacin da Tsoho ya fara tsallake. Da jira ya yi tsawo sai ta ƙarasa ta da allurar hannu, kaɗan-kaɗan, a bakin taga inda haske ya fi yawa. Rabin rigar layin Tsoho ne, miƙaƙƙe. Ɗaya rabin ya karkace, wani wurin ta soka sau biyu.

Game da jana'iza, masu sayen tsohon ƙarfe sun zo neman gawa, an sallame su. Bisa umarnin Mama, an goge marigayin an mayar da shi kan teburinsa, daidai kan shatinsa, za a bar shi a nan. Za a yi zaman makoki a ƙofar gidan magidancin, kusa da motar, but a buɗe ga mai son ganin inda abin ya faru. Mai makokin zai karɓi gaisuwa sanye da rigar. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su yi gaisuwarsu su wuce, kada kowa ya tambaye shi wa ya yi masa ɗinkin.