Amshin Mai Tafiya Kan Igiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na karanta waƙata ta Siraɗi a Jibiya ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Lokacin an fara aiki da Shari'a, makaɗa da masu wasa duk sun tattara nasu-ya-nasu sun tsallaka Nijar, ni kuwa ina cikin waɗanda suka yi hamdala da babbar murya. Na daɗe ina rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami ba wanda ya kula, sai ga kwamitin wa'azi na unguwarmu ya ce ni zan buɗe taro da waƙa. In ta yi kyau, buɗe taro ya zama nawa ke nan.

Na zaɓi Siraɗi. Mako uku tawada na bushewa a bakin alƙalami. Na san abin da na karanta, ya fi gashi siranta, ya fi takobi kaifi, amma baitocina ko akuyar gidana ba za su tsorata ba.

Sai na ji ana zancen wani mai tafiya kan igiya a wani ƙauye bayan iyaka. Wata Talata na yi amawali da rawani har hanci, na hau babur. A shingen kwastan maƙwabcina Bulus, da ke aiki a wurin, ya leƙo fuskata ya ce, "A'a, Malam, wa'azi za a kai masu?"

Na ce, "Kusan haka." (Allah Ya yafe mini wannan kusan.)

An ɗaura igiyar tsakanin gawo biyu. Wani siririn mutum ya hau, ba takalmi, da gora a hannu. Yana kaiwa tsakiya igiyar ta fara lilo, yatsun ƙafarsa suka damƙe ta, gumi na ɗigowa daga haɓarsa. Sai ya ƙwala ihu, "Kar ka dubi ƙasa!" Jama'a suka amsa, "Ƙasa na jiran ka!" suka tafa sau biyu. Abin da na kasa gani a takarda, ga shi a gabana yana rawar jiki.

Kafin la'asar ta washegari na gama waƙar. Amshinta kuwa, "Ɗan Adam, kar ka dubi ƙasa." Wallahi na ɗauka daga zuciyata ya fito.

Ranar taro fili ya cika. Na karɓi lasifika na rera baitin farko, wuri ya yi tsit, har na hango wani tsoho yana share hawaye. (A raina na ce, to, yau Jibiya za ta san da ni.) Na ja murya na kai amshi.

"Ƙasa na jiran ka!"

Fili duka ne ya amsa, da tafi biyu, ba wanda ya yi kuskure. Sai dariya ta ɓarke. Na waiga na ga Alhaji Sada, shugaban kwamiti, tafukansa a haɗe, ya yi maza ya shafa su a fuska kamar mai addu'a. Ya karɓe lasifikar ya ce, "Malam, ina ka samo wanga baiti? Mu dai labari munka ji, an ce wajen masu wasa aka faɗa tai."

Wani daga baya ya ce, "Alhaji, har tafin ma labari ne?"

Aka sake fashewa, amma ni aka cire. Ba a ƙara gayyata ta ba, kuma har yau in na wuce tasha sai wani ya ce, "Malam Igiya, a taka a hankali!" Ba wanda ya tambayi mutanen cikin fili inda suka koyo amshi. Waƙar na nan cikin gafaka, ban taɓa rubuta kamarta ba, ban kuma sake karanta ta ga kowa ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Laifin da gari duka ya je ya yi da ƙafarsa, kar ka yarda ka zama kai ne ka sa shi a takarda.