Safayar da Ta Ƙi Shiga Ranar Ɗauko Amarya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na ɗauko amaryar Sanusi daga Anka. Lokacin ina sabon malamin sakandare a Gummi, albashi ya fara shiga, kai ya fara kumbura. Abokaina na sayen mashin, ni kuwa na je na kwaso wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Na raɗa mata suna Barewa, mutanen gari suka ce Kwaɗo, kuma nasu ne ya bi ta. Gudu kam ba a magana. Tsayawa ce Allah bai hore mata ba.

A lokacin ina neman Balkisu, ƙanwar abokina Sanusi, can Bukkuyum. Wata ranar Juma'a na je zance, na taka birki a ƙofar gidansu, ƙafata ta tafi har ƙasa, Kwaɗo ta ci gaba da harkarta. Ni da ita muka ratsa dangar gidan muka tsaya gaban murhu. Innarsu Balkisu tana riƙe da muciya ta dube ni ta ce, "Malam, ko sallama babu?" Daga baya aka gaya mini ta ce ba ta ba da ɗiyarta ga wanda mota ke tuƙawa. Duk gidan Sanusi kaɗai ya rage a bayana, shi ne yake ta lallashin Inna.

Mai hankali da sai ya canza takalman birki ya huta. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni har Gusau, na ce wa bakanike ina son birkin da in na taka, ƙuda ma sai ya faɗo daga gilashi. Muka shiga wajen masu kayan gyara muka samo faifan birki na wata ƙatuwar mota, faɗinsa kamar faifan rufe tukunyar suna, da kalifa, wato abin da ke damƙe faifan, ita ma ƙatuwa. Aka yi ta fiƙe-fiƙe da walda har suka zauna a ƙafafun gaba. Da aka zo mayar da taya, sai wilina, wato ƙarafan da tayoyi ke kai, suka ƙi hawa, sun yi ƙanana. Na ce ba komai, a kawo manya guda huɗu. (Guda huɗu fa. Ni da nake koyar da lissafi.)

Wayyo daɗi! Na dawo Gummi ba wanda ya huta. Mai shayi ya ji labarin kalifa, liman ya ji, ɗalibaina sun ji har sau uku a darasin da ba ruwansa da mota. In na hango taron mutane sai na zuba wuta, na zo daf da su na taka, motar ta ƙame cak, ni kuma na fito ina gyara hula.

Sai ga bikin Sanusi. Na ce to, ga ranar wanke suna. Na roƙe shi ya bar ni na ɗauko amarya da kaina. Ya ce, "Ka tabbata dai? Ka san Inna jira take." Na buga ƙirji na ce in amarya ta yi tuntuɓe ko da na numfashi ne, ya hana ni Balkisu.

A Anka aka fito da amarya lulluɓe tana kuka. Aka kwantar da kujerar gaba, ita da ƙawarta suka sunkuya suka shige baya. Gwaggo Asabe, yayar mahaifin amarya, mace mai jiki, ta zauna gaba tana salati, gwiwoyinta na taɓa haɓarta. Motocin rakiya suka tsaya jirana, na ɗaga musu hannu na ce, "Ku yi gaba abinku, yanzu zan kamo ku." So nake na wuce su ɗaya bayan ɗaya kowa ya gani.

Ban kamo kowa ba. Mun sauka daga kwalta mun kama hanyar Bukkuyum ke nan, na ji fuuu, sitiyari ya ja hagu. Tayar gaba ta yi faci. Na taka birki, kuma don Allah a ba shi haƙƙinsa, ya kama, har goshin Gwaggo ya gaisa da gilashi. Ta ce, "Mi ya hwaru kuma?" Na ce, "Ƙaramin abu ne Gwaggo, ai da safaya." Na tuɓe babbar riga, na sa jak, na kwance noti, na ciro safaya daga but ina ta yin fito abina. Na kai ta, ta ƙi shiga. Na juya ta, ta ƙi. Na sa ƙafa na doka, ta ce ƙwal a jikin kalifa ta dawo mini. Nan ne na tuna. Safayar tsohon wili ce, ƙaramin nan, tun na haihuwar motar.

Wayar hannu ba ta iso yankinmu ba a lokacin. Rana tana ta yin ƙasa, ba mota ba mashin. (Wani zai ce me ya hana na ciro tayar baya na kai gaba, na sa safaya a baya. Wannan dabarar ta zo mini, amma sai bayan mako guda, ina cikin wanka.) Gwaggo ta fito da ƙyar ta kama ƙugu ta ce, "Wagga mota ta ko akurki? Ɗiyar mutane za ta kwana daji don iyayinka?"

Can sai ga wani dattijo da amalanken shanu, ya kwaso karan dawa. Gwaggo ba ta ko shawarce ni ba. Aka shimfiɗa babbar rigata a kan kara, aka ɗora amarya, Gwaggo da ƙawar suka hau gefenta. Ni kuma na bi bayansu da 'yar shara, ina gara tayar da ta yi faci. Ina jin amarya tana shassheƙa cikin lulluɓi, tausayi ya kama ni, na matsa zan ba ta haƙuri. Ashe dariya take yi.

Haka muka shiga Bukkuyum ana kiran magariba. Gari ya cika a ƙofar gida, makaɗa sun gaji sun zauna, an riga an tura mutane nemanmu. Da aka hango mu sai kowa ya zuba mana ido. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wai ko don kada a ce ba a yi ba, sai wuri ya fashe da dariya. Makaɗa suka miƙe suka sa mini kiɗa, ni ba ango ba. Na hango Balkisu cikin 'yan mata, ta ja gyale ta rufe fuska ta shige gida. Na so ƙasa ta tsage. Inna ta juya ta kalli Sanusi kawai. Shi kuwa ya ja ni gefe ya ce, "Kai kac ce in hana ka. To na hana."

Na aika manya, na aika ƙanana, na sayi sabuwar safaya na kai ta har ƙofar gida a gani. A banza. Kafin damina aka ba da Balkisu ga wani mai sayar da hatsi, wanda ko keke bai iya hawa ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa kanka ƙarin girma, ka fara buɗe but ka ga abin da ka bari a ciki. Har yau muna zumunci da gidan, don Sanusi ya huce. 'Ya'yan Balkisu ma yara ne masu ladabi. Duk inda suka gan ni sai sun durƙusa sun ce, "Ina kwana, Kawu Safaya." Nakan amsa. Safayar ba ta dame ni ba, Kawun ne ke mini ciwo.