Takwaran Dakta Sallau

Dakta Sallau masanin ƙwari ne a wata jami'a, kuma shi da bakinsa yake ba da wannan labari, yana yi yana dariyar kansa. Wata damina gwaggonsa Tabawa ta aiko masa daga ƙauye cewa tsutsa ta addabi zogalenta, tunda an ce ya yi karatun ƙwari har ƙasar waje, ya zo ya kashe mata ita. Dakta ya zo da niyyar kwana biyu. Yana ganin tsutsar jikinsa ya ba shi bai taɓa cin karo da irinta a littafi ba. Nan take ya hana gwaggo barbaɗa toka, wai a bari sai tsutsar ta riƙa ta zama faɗa-wuta, don da fiffike ake gane dangin irin waɗannan ƙwari. Kwana biyu ya koma mako uku. Tsutsa na cin ganyen sama, Dakta na cin na ƙasa, kwaɗo da safe, dambu da rana, har bishiyoyin suka koma sanduna. Gwaggo dai ta zuba ido, abin na cin ranta.

Ranar da faɗa-wutan ya fito, Dakta ya kafe shi da allura a cikin akwati, ya ƙirga ɗigon fiffikensa, ya aika wa abokan aikinsa hoto. Suka amsa cewa da alama sabon nau'i ne, in ya tabbata sunan Dakta za a liƙa masa. Abin da ya yi shekara goma sha biyar yana mafarki ke nan. Ya iske gwaggo a gindin murhu, baki har kunne.

"Gwaggo, na yi takwara a gidanki. Sunana za a raɗa wa ƙwaron nan, duniya duk ta san shi da Sallau."

Ta leƙa akwatin, ta waiwayi zogalenta, ta tambaye shi maganin da ta kira shi dominsa. Dakta ya ce a kimiyya sai an san sunan abu kafin a nemi maganinsa, kuma tabbatar da sunan zai ɗauki kamar shekara guda, sai manyan masana sun yi bincike.

Gwaggo ta gyara itacen wuta ta ce, "Ka ce musu su huta, ni shaida ce. Yadda ya sauka gidan nan ya cinye min zogale bai tsinana komai ba, ko ba a raɗa ba Sallau ne."