Yadda Na Koya wa Gwaggo Tsoron Likita

Ba zan taɓa mantawa ba da wunin bikin ƙanwata, ko da haƙorana sun zube kaf. Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata lise, wato sakandare, a nan Tawa, kuma ina da wata cuta: in na karanta abu, sai na samu wanda zan juye wa, ko ya so ko bai so ba.

Gwaggo Hadi, yayar babanmu, ta zo bikin daga Bambeye da ƙullutu a nononta na hagu. Mun sha wuya kafin ta yarda in an watse biki a kai ta wurin likita, a ɗebi ɗan nama a aika Yamai a duba. Komai ya daidaita. Abin da ya rage kawai in kama bakina.

Muna rumfa ana cin dambu, sai wata ta tambaya wai ciwon dajin nono jifa ne ko gado. Ai kuwa na gyara ɗaurin kallabi (har da ture kwano gefe, don Allah ku ji iyayi).

Na ce musu jiki ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da umarnin da ta gada a cikinta, wani na cewa hayayyafa, wani na cewa tsaya. In mai cewa tsaya ya lalace, ƙwaya ta zama kabu-kabu marar birki. Mata na ta gyaɗa kai. Daɗin kallo ya ɗebe ni, na zarce:

"Kun san yadda aka gano haka? Masu bincike kan ɗauki ƙwayoyin nono lafiyayyu sumul, su rene su a ɗan faranti a labo, wato ɗakin bincike, su lalata wannan umarni, su taɓa wancan. A hankali sai su ƙi daina hayayyafa, su rikiɗe su zama na daji."

Gwaggo ta saki lomar da ke hannunta.

"Tsaya, ɗiyata. Lafiyayyen nama suka ɗauka?"

"Lafiyayye, Gwaggo."

"Su da kansu suka maishe shi ciwon?"

"E, amma ai don a gane..."

"Jama'a, kun dai ji daga bakin mai boko! Shi ne za ku kai musu nawa naman? Wallahi ba da ni ba!"

Rumfa ta kaure da salati. Ina ta rantsuwa cewa abin da ke faranti ba ya komawa jikin kowa, amma wa ke saurare? Innarmu ta yi mini wani kallo da har yau yake sa ni gyara zama. Gwaggo kuwa ta ɗaure kayanta, ta ce a nemo mata motar Bambeye.

Nan tsoro ya kama ni na gaske. In ta koma gida da ƙullutun nan, bakina ne ya kore ta. Na durƙusa gabanta cikin ankon biki, ina kuka, kwalli na zuba, dangin ango na kallo.

Ta ce, "Tunda kin yarda da likitocin, su fara da naki nonon, ina gani."

Washegari muka tafi asibiti. Wadda ta shigo duba mu kuwa Ramatu ce, tsohuwar ɗalibata da nake kora daga aji saboda cin cingam.

"Madan, a cire riga," ta ce, tana danne dariya.

Gwaggo ta ja kujera kusa. "Matsa da kyau, yarinya, kar ki ji kunyarta, ita ba ta jin ta kowa."

Na so ƙasa ta tsage. Ni dai ba a samu komai ba. Gwaggo ta ga na tashi da raina, ta miƙa kanta. Sakamako ya dawo ciwon ne, amma likita ya ce an tare shi da wuri, tana kan magani yanzu. Kuma babu gidan da ba ta kai labarina ba a Bambeye.

Na daɗe ina koyar da kimiyya da baki. Darasi ɗaya da ya yi wa wani rana, da riga a hannu na ba da shi, bakina a rufe.