Yadda Za Ka Cike Gurbin Laba Ɗari da Ashirin da Biyar Kafin a Soke Sunan Makarantarku

Idan kai kocin kokawa ne a ƙaramar kwaleji, kuma ƙungiya ta aiko maka da wasiƙar kora, kwantar da hankalinka. Ga matakai bakwai. An gwada su a Kwalejin Elk Ford da ke Iowa, a hannun Koci Duane Hoekstra, kuma ina tabbatar maka ba za su ba ka kunya ba, muddin ka bi su a jere, kuma dama ba ka da yawan kunya.

Mataki na ɗaya: Karanta wasiƙar a zaune.

Duane a tsaye ya karanta tasa, sai da ya dafa bango. Daga Lorna Stuckey ta fito, sakatariyar Ƙungiyar Kokawar Ƙananan Kwalejoji, matar da ba a taɓa kama ta da dariya ko kuskure ba. Doka ta huɗu ta ce kowace makaranta sai ta tsayar da ɗan kokawa a rukunin nauyi goma cif. Elk Ford tara gare ta. Rukunin ƙarshe, na masu laba ɗari da ashirin da biyar, shekara biyu ba kowa. In Fabrairu ya ƙare a haka, an soke su.

Kafin la'asar shugaban kwaleji ya shigo ɗakin kokawa da tef yana auna bango. Ya daɗe yana neman inda zai jibge kujerun bikin yaye ɗalibai. Wannan ɗakin kuwa mahaifin Duane ne ya shimfiɗa katifarsa da hannunsa, Duane kuma ya shekara ashirin da biyu yana shaƙar warin zufarsa. Ka lura, a duniya babu mai saurin jin labarin faɗuwarka kamar mai son ɗakinka.

Mataki na biyu: Kada ka ɓata lokaci kan samari.

A garin da aka raini yara da masara da madara da naman alade, mafi ƙanƙantar ɗan ajin farko ya kai laba ɗari da saba'in. Duane ya gwada da ɗaya. Ya zuba masa rigunan sanyi uku, ya ba shi kofi ya yini yana tofa yawu, mako guda ba ya cin komai sai ƙanƙara. Yaron ya sauke laba shida, ya suma a ajin lissafi, uwarsa ta zo. Tsallake wannan matakin. Uwayen Iowa ba sa aiko wasiƙa, da ƙafarsu suke zuwa.

Mataki na uku: Nemi abin da dokar ta manta.

Littafin ƙungiya shafi sittin ne. Ya ce ɗan kokawa ya zama ɗalibi mai darasin awa goma sha biyu a mako, makinsa kada ya gaza matsakaici, likita ya sa masa hannu, ya kasance bai taɓa yi wa wata kwaleji wasa ba. Duane ya bi shi layi-layi har sau uku. Babu inda aka ambaci shekaru. Waɗanda suka rubuta shi mutanen kirki ne, ba su zaci za a haifi irinka ba.

Ranar Talata ya shiga gidan abincin bakin titi, ya hango Orville Tjaden yana cin fanke. Orville shekararsa sittin da takwas. Arba'in daga ciki ya yi su yana raba wasiƙu a ƙafa, har ya bushe kamar karan masara. Kwalejin tana barin dattawa su yi karatu kyauta, shi kuma yana ajin ginin tukwane, saboda matarsa Marlys ta gaji da ganinsa a falo.

"Dattijo, nawa kake a sikeli?"

"Da takalmi ko babu?"

"Babu."

"Ɗari da ashirin da uku. In na yi aski, da biyu."

Duane ya ja kujera. Ya tambaye shi ko ya taɓa kokawa. Orville ya ajiye cokali, ya juyo masa da kunnensa na hagu, wanda ya dunƙule kamar an tauna an mayar.

"A sakandare. Shekarar saba'in da huɗu."

Duane bai nemi ƙarin bayani ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na huɗu: Cika masa awanni, ka lallashi matarsa.

An ƙara wa Orville tarihin Turai da kiwon zuma da Sifaniyanci. Ya zauna a layin gaba, yana zuwa kafin malami, har makinsa ya ɗaga na 'yan kokawar kwalejin gaba ɗaya. Wannan ba shi da wahala. Wahalar tana wurin Marlys. Ta tare Duane a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ce masa ƙugun mijinta na dama ba nasa ba ne, na asibiti ne, kuma in aka taɓa shi, ita da Duane ne.

Duane ya rantse ba wanda zai taɓa shi, kuma yana da hujja. A kokawar kwaleji, in ɗaya makarantar ba ta da kowa a rukunin, mutuminka zai taka tsakiyar katifa ne kawai, alƙalin wasa ya ɗaga masa hannu, a rubuta muku maki shida. Maƙwabtan Elk Ford kaf masarar nan suke ci. Babu mai ɗan ƙaramin mutum.

Sai dai ka tsare shi daga matan coci. Tun da labari ya bazu, duk cin abincin Laraba sai su kewaye Orville da kwanuka, wai an bar bawan Allah da yunwa. Duane ya riƙa zama gefensa yana cinye masa rabonsa. Orville ya tsaya a ɗari da ashirin da huɗu. Duane ya ƙara laba tara.

Mataki na biyar: Ci nasara, amma kada ta shiga jarida.

Wasa bakwai, nasara bakwai, ba wanda ya ko shafi rigarsa. Orville zai fito cikin kayan kokawa masu ɗame jiki, gwiwoyi kamar ƙullin igiya, a ɗaga masa hannu, ya koma benci ya ci gaba da bitar Sifaniyanci. Jaridar gari ta buga hotonsa a shafin farko. Duane ya sayi kwafi goma.

Lorna kuwa kwafi ɗaya ta saya. Ta kira shi da safe, ta ce ya buɗe littafin ƙungiya shafi na arba'in da ɗaya, ƙananan rubutun ƙasa. A wurin ƙungiya, tsayar da ɗan kokawa na nufin ya yi aƙalla wasa ɗaya na gaske, da abokin karawa, an busa usur. Ɗaga hannu ba ya cikin lissafi. Ta yi masa fatan alheri da muryar mai karanta hasashen yanayi.

Wasa ɗaya ya rage, ran ashirin da huɗu ga Fabrairu, da Kwalejin Otter Bluff. Kocinsu Rusty Pfeiffer ne, wanda shekara goma sha biyar ba sa ga-maciji da Duane.

Mataki na shida: Kai wa maƙiyinka sirrinka da ƙafarka.

Duane ya tuƙa mil arba'in cikin dusar ƙanƙara, ya haɗiye girman kai, ya fara bayani. Rusty ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce shi ma ya sami wasiƙar Lorna, kuma tun Janairu ya shigar da nasa dattijon makaranta. Ɓoye shi yake yi, don shi ba ya sayen jarida kwafi goma.

Suka shirya. Za a gaisa, a busa usur, ɗaya ya kwanta cikin daƙiƙa goma, makarantu biyu su tsira. Suka jefa kwabo, kwanciya ta faɗa kan Orville. Da aka gaya masa, ya ce ba komai, ai kowace azahar aikinsa ke nan.

Mataki na bakwai: Tambayi sunan ɗaya tsohon.

Duane bai tambaya ba. A ɗakin awon nauyi ya fara ganinsa, wani siririn dattijo mai sanƙo, Merle Brandvold, shi ma kunnensa a dunƙule, na dama. Orville ya tsaya da riga ɗaya a hannu.

"Orville," in ji Merle. "An ce ka mutu."

"Jira nake ka riga ni."

"Har yanzu kana yi wa mutane wannan labarin?"

"Ƙafarka tana waje."

"Shekara hamsin fa, ɗan'uwa."

"Tana waje, Merle."

A nan Duane ya ji abin da garin duka ya sani banda shi. Wasan ƙarshe na gunduma, a shekarar saba'in da huɗu, Merle ya ci Orville da maki ɗaya, alƙalin wasa bai ga ƙafarsa ta fita da'ira ba. Duane ya ja Orville gefe, ya tuna masa alkawari, ya tuna masa ƙugu, ya tuna masa ludayin Marlys. Orville ya ce ya ji. Yana maganar yana ɗaure igiyar takalmi ƙulli biyu.

Aka busa usur. Daƙiƙa goma suka wuce. Duane yana nuna ƙasa da hannu biyu kamar mai kwantar da kare, Orville kuwa ya sunkuya ya cafke ƙafar Merle. Minti bakwai cur suka yi, a hankali, da nishi, kamar mutum biyu na ƙoƙarin fitar da firji ta ƙaramar ƙofa. Likitan kwaleji ya miƙe tsaye da jakarsa. Duane ya waiga da tsoro yana neman Marlys, ya same ta a kan benci, tana kiran mijinta ya kama ƙafar hagu, ita ce mai ciwon.

Saura daƙiƙa huɗu Orville ya zame ya juya bayan Merle. Aka tashi ya fi shi da maki ɗaya. Kowa a zauren ya ga inda ƙafar Orville take, banda alƙalin wasa.

"Ƙafarka tana waje," in ji Merle, yana kwance yana haki.

"Dawo bayan shekara hamsin mu tattauna."

Lorna Stuckey tana teburin alƙalai. Ta duba agogo, ta yi alama gaban Elk Ford, ta yi gaban Otter Bluff, ta ce wasa ya shiga lissafi. Washegari shugaban kwaleji ya mayar da tef ɗinsa aljihu, kujeru suka ci gaba da zama a baranda. Duane ya shiga ɗakin kokawa, ya zauna a kan katifar da mahaifinsa ya shimfiɗa.

A ranar wasan dai, kafin ta tafi, Lorna ta miƙa wa Duane takarda. Shafi na hamsin da biyu ya ce duk wanda ya gama kakar wasa ba a kayar da shi ba, kai tsaye ya wuce gasar yanki a watan Maris, inda 'yan shekara sha tara suke. Orville ya leƙo ta kafaɗarsa, ya tambayi ƙarfe nawa mota za ta tashi. Marlys ta ce a ajiye mata kujerar gaba.

Gargaɗi: mai wannan rubutu alkawarin tsirar da sunan makarantarku ya yi, kuma ya cika. Ƙugu, gwiwa, ludayi, laba taran da za ka ƙara, da duk abin da ya faru a watan Maris, babu hannunsa a ciki. In an tambaye shi, bai san ka ba, bai san tsohonka ba, kuma ƙafarsa tana waje tun kafin a busa usur.