Kaka Ya Sake Wa Ƙwari Dangi

"Lafiya lau, angona, ya ƙafar taka..."

Ba ta ƙarasa gaisuwar ba. A kan teburin ɗinkin kakanta ta hango akwatin ƙwarinta a buɗe. Wata uku ta yi tana kama su, tana soke kowanne da allura a rukuninsa, da 'yar takardar sunansa na kimiyya. Yau da ƙarfe sha biyu za ta miƙa wa malamin bayoloji, rukuni goma cif, in babu ta sake shekara. Ga shi tsohon tela ya tsige komai ya sake jerawa.

"Innalillahi! Tsoho, me ka yi?"

"Gyara na yi miki, amarya. Ga masu cizo, ga masu cin kayan mutane, ga 'yan zaman banza."

"Ina takardun sunayen?"

"Suna cikin kwalin ashana. Sunayen aljanu ne, na karanta ɗaya harshena ya ƙage."

"Harshen da ba haƙorin da zai tare shi! Me ya raba malam-buɗe-littafi da asu? Gidansu ɗaya!"

Tsoho ya dafe ƙirji. "Asu? Ɓarawon da ya cinye mini yadi guda? Shi ne ɗan'uwan wannan kyakkyawa?"

"Fiffikensu iri ɗaya ne. Ita ma gara mai cin katako dangin kyankyaso ce."

"Subhanallahi! Wannan ake koya muku? Na sake ki, saki uku."

"Da ma wa zai zauna da mijin da ya girmi keken ɗinkinsa?"

Ta shiga mayar da su, tana ƙirga rukunan. Tara. Ta sake ƙirgawa, tara dai.

"Kaka, ina ɗan jan nan na kusurwa?"

"Kuɗin cizo? Na murƙushe shi. Ba a barinsa a ɗaki ko gawa ne."

"Shi kaɗai gare ni a rukuninsa! Sati biyu na yi ina bin gidajen mutane kafin na samu."

Wannan karon ba ta ƙara da tsiya ba, hawaye ne suka cika mata ido. Tsoho ya dube ta, ya leƙa ƙofa ko akwai mai ji, sannan ya rage murya.

"Je ki ɗakina ki ɗaga katifa, wajen kai. Ki zaɓi mai ƙiba."

Ta saki baki. "Kai da kake cewa ɗakinka ya fi asibiti tsabta?"

"Shekara biyu ina kiwonsu da jinina, ashe sadakinki nake tarawa." Ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙa mata sabuwar allura. "In kakarki ta ji, a maƙwabta kika samo."