Katsalandan a Bakin Gadar Omdurman

Ko na tsufa ba zan manta da ranar da Larabcina ya kusa kai ni bayan kanta ba. Lokacin mulkin soja ne, ina zaune a Omdurman, ina karatun kimiyya a Khartoum. Aka ba ni gwajin haske in nuna a aji: ka haska ƴar tocilar leza ta wasu siraran tsaga biyu a jikin kati, hasken wannan tsaga ya gamu da na waccan, sai layi-layi su fito a bango, wani haske, wani duhu. Wurin duhun nan haske biyu ne suka kashe juna. Da Larabci sunansa tadaakhul, a ja alif. In ka ƙi ja, ka danne harafin tsakiya, ya koma tadakhkhul, wato katsalandan, kalmar da rediyo ke zagin ƙasashen waje da ita safe da yamma.

A bakin gada soja ya tsayar da motarmu, ya nuna kwalin da ke cinyata. "Da shinu?" Wato, mene ne wannan?

Na gyara murya (ni a dole ɗan jami'a), na ce kayan tadakhkhul ne.

"Kai baƙo ne?"

"Na'am," har da murmushi.

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Aka sauko da ni. Na shiga rantse-rantse cewa gwajin haske ne, ya ce to, in nuna. Ga rana tsaka, gwajin kuma sai a duhu. Wallahi ban san sanda na yaye jallabiyata na lulluɓa mana ba, ni da soja, kai biyu a riga ɗaya, singiletina mai huji a waje jama'a na kallo. Na haska, layi ko ɗaya ya ƙi fitowa.

Wata tsohuwa Bahaushiya ƴar unguwar Dar Salam ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, khalas, ya isa haka, saki rigarka, ka ba mu kunya." Ta juya ga sojan da Larabci: "Wannan ba ɗan leƙen asiri ba ne, miskini ne, boko ya taɓa shi."

Sojan ya fito da kai yana haki, ya ce, "Duk wahalar nan don duhu? Mu a unguwarmu kyauta ake kawo mana shi." Ya ce in koma mota mu wuce.

Tun ranar, in mai bindiga ya tambaye ni mene ne wannan, nakan ajiye ilimina gefe, in ce masa tocila ce.